Ɗakin da Aka Auna da Hannun Sepiah

Duk wanda ya tashi a Kampung Tebing, a bakin kogin Melaka, ya san Baharom bin Sulong tun kafin furfura ta sa a fara ce masa Pak Baharom. Dogo ne siriri, yana tafiya a miƙe kamar wanda ya haɗiye taɓarya. Makarantar mishan ta kan tudu ya yi, zamanin da Fada mai koyar da rubutu yake bin teburan yara da rula a hannu, in harafi ya karkace yatsa ya ji a jikinsa. Daga can ya fito da abu biyu da bai rabu da su ba har tsufa: rubutu tsaf kamar bugun inji, da imanin cewa kowane abu a duniya yana da layinsa. A gidan waya ya yi aiki har ya yi ritaya, kuma ba a taɓa jin ya manna kan sarki a karkace ba.

Gidansa na katako ne a kan ƙafafu, irin na unguwar a wancan zamani, rufinsa mai tsini, da matakalar dutse a gaba wadda aka manna wa tayil mai furanni kore da ruwan hoda. A gindin matakalar akwai randa da moda, don baƙo ya wanke ƙafa kafin a ce masa ya hau. Shekarar da ya auri Sepiah aka kafa gidan. Ranar awo, tsohon kafinta ya sa amarya ta tsaya a fili ta ware hannuwanta, ya ɗora sandar gora daga kan yatsan dama zuwa na hagu, ya yanke daidai nan. Da wannan sanda aka auna komai, tsawon ginshiƙai da faɗin baranda da tsayin ƙofa. Haka ake yi tun kakanni. Gida na matar gida ne, a jikinta ake yanka shi kamar riga. Sepiah ta yi ta dariya ran nan tana sunne kai a kafaɗa, don ba hannun da za ta rufe baki da shi. Da aka gama gini aka ɗaure sandar can saman babban ginshiƙin tsakiya, aka yi addu'a, unguwa ta ci shinkafa mai kurkum da naman kaza.

Shekaru suka shuɗe, birni ya cika ya tumbatsa. Gonakin da ke bayan unguwar suka zama otel-otel, kogin da yara suke kamun jatan lande a ciki aka yi masa gaɓar siminti, jiragen masu yawon buɗe ido suka fara kai da kawo. Sai hukuma ta ja layi ta kewaye tsohon gari, ta haɗa da Kampung Tebing, ta ce daga yau ba mai rushewa, ba mai ƙari, ba mai canza rufi, sai da izinin ofishin kula da tsofaffin gine-gine. Mutane suka yi ta ƙunƙuni. Baharom kuwa ya ji kamar an yi masa albishir, don ya daɗe yana ganin gidajen da ya sani tun yana yaro suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Ya karance dokar daga bango zuwa bango. Da aka kafa kwamitin unguwa, ba a ma yi dogon zance ba aka ba shi shugabanci. Ofishin ya buga hotonsa a takardar da ake raba wa baƙi, yana zaune a kan matakalarsa da hula baƙa, Sepiah a gefensa tana murmushi.

Kuma a gaskiya ya yi aiki. Ba don shi ba, da rabin gidajen nan yanzu shagunan sayar da riguna ne. Amma mutumin da yake ganin layi a ko'ina, wata rana zai ja shi ta kan mutum.

Maƙwabciyarsu ta bayan shinge ita ce Ropeah, wadda ta girme shi da 'yan shekaru, yana ce mata Kak Ropeah, wato Yaya Ropeah. Mijinta Leman keke mai ƙafa uku yake tuƙawa yana ɗaukar fasinja, har ciwon suga ya sa aka yanke masa ƙafa daga gwiwa. Hawa gida ya gagare shi. Ropeah ba ta tambayi kowa ba, ta sa aka yi ɗan ɗakin bulo a bayan gida, a ƙasa, aka rufa da kwano. Da maganar ta zo gaban kwamiti, kowa ya duƙar da kai yana wasa da kofin shayinsa, don an san dalili. Baharom ne ya miƙe ya gyara murya. Ya ce doka ba ta san fuska ba, in aka kau da kai ga ɗaya an kau da kai ga kowa, kuma daga cikin jirgi ana hango kwanon yana ƙyalli kamar gwangwanin madara. Bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Ofishi ya ba da umarni, aka rushe ɗakin, aka bar daɓen siminti kawai. Leman aka kai shi wurin ɗansa a wani gari, can saman bene, inda ya zauna a bakin taga yana kallon motoci har rai ya yi halinsa. Ropeah ta dawo ita kaɗai.

Ba ta taɓa gaya masa baƙar magana ba. Da ma ta yi. In suka haɗu a hanyar kasuwa sai ta rusuna fiye da yadda ya kamata ta ce, “Ranka ya daɗe, shugaba, an tashi lafiya?” Shi kuma ya amsa yana kallon wani wuri.

Wata safiya Sepiah tana kankare kwakwa a kicin, ɓawon ya suɓuce mata ya gangara. Ta miƙa hannu ta ɗauka, hannun ya ƙi. Da aka sallamo ta daga asibiti, ɓarin jikinta na hagu ya shanye, baki ya ɗan karkace, hannun ya naɗe a ƙirji kamar fiffiken tsuntsu. Hankalinta kuwa garau, harshe ne kawai ya yi nauyi.

Nan matakalar da ake zuwa ɗaukar hotonta ta zama abokiyar gaba. Wurin wanka a ƙasa yake, ga zuwa asibiti a kai a kai. Baharom ya riƙa goya ta yana sauka yana hawa, da sassafe kafin mutane su fito. In mata suka zo dubiya da kwanon kunun shinkafa ko ayaba soyayya, a baranda yake tare su, ya karɓi kwano ya yi godiya ya ce barci take yi. Yana gaya wa kansa mutuncinta yake karewa. Rannan a tsakiyar matakala gwiwarsa ta lanƙwashe, suka zube tare a zaune. Ba wanda ya ji babban rauni, sai tayil ɗaya mai fure da ya tsage.

'Yarsu Zaharah ta zo daga Kuala Lumpur, ta ga tsagar, ta ga yadda mahaifinta yake ɗingishi, ba ta yi kwana-kwana ba. “Abah,” in ji ta, don Abah da Mak take kiran iyayenta, “ko dai a yi wa Mak ɗaki a ƙasa, ko in tafi da ita wurina. Can akwai lif mai hawa da mutum sama, ba mai goyon kowa.” Sepiah tana kwance tana ji. Sai ta miƙa hannunta mai lafiya ta dafa ginshiƙin tsakiya, ta bar shi a nan. A wannan gida ta haihu, a nan ta wanke gawar uwarta, kuma daga shimfiɗarta tana gane kowane maƙwabci da sautin takalminsa. Baharom ya ga hannun, ya fahimta. Ya ce wa Zaharah ta ba shi lokaci.

Ya san hanyar neman izini fiye da kowa, shi ya koya wa mutane ita. Sai an kafa sanarwa a bakin shinge kowa ya gani, sai kwamiti ya zauna, sannan sai maƙwabcin da ginin zai kusanci iyakarsa ya ce ya yarda. Fili kuwa babu sai a baya, jikin shingen Ropeah. Ya sha sa riga mai guga ya nufi gidanta, da ya kai wurin bishiyar lemun tsami sai ya tsaya yana duba ganye kamar mai neman tsutsa, ya juyo.

Abin da ya yi daga baya, shi kansa bai iya ba da labarinsa da kai a ɗage ba. Ya samo magina baƙi daga wajen gari, waɗanda ba su san kowa ba, ba kuma su jin yaren unguwa sosai. Ya kewaye bayan gida da tamfol shuɗi, ya jawo ganyen ayaba ya rufa. Bulo da siminti a bayan motarsa yake kawowa kaɗan-kaɗan, a lulluɓe da buhunan kwakwa. Shi ya zana ɗakin da kansa, da rula da fensir, ya auna fili da tef, kusurwa ta fita cif. Ga wanda ya tambaya, ya ce akurki yake gyarawa.

A unguwar da tari a wannan gida ake jin sa a wancan, wa zai ɓoye ƙarar shebur? Kowa ya sani, kowa ya yi kamar bai sani ba, don ba a kunyata babba a fuska. Sai dai a shagon kofi na Pak Senin, inda tsofaffi suke zama bayan sallar asuba har rana ta ɗaga, ladabi yana da haƙora.

“Shugaba, ya kajin?” in ji Pak Senin yana ajiye masa kofi.

“Lafiya lau.”

“Madalla. Na ji an ce har da famfo aka ja musu. Ni wallahi in akwai gurbi a sa ni, ko ƙwai ne zan koyi yi.”

Wani daga ƙarshen benci ya ce ai kajin shugaba ba sa kwana sai an sa musu tayil, kajin da suka yi makarantar mishan ne. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, kowa yana kallon cikin kofinsa. Baharom ya yi murmushin yaƙe, ya kurɓi kofin da zafinsa har ya ƙona harshe. Daga ranar ya daina zuwa shagon. Sallah ma ya koma yi a sahun baya, yana fita kafin a gama addu'a.

Ɗakin ya kammala, kuma ba laifi: fari tas, da banɗaki a ciki, da ƙarfen riƙewa a bango, da ƙofa mai faɗin da keken guragu zai wuce. Da la'asar sakaliya, lokacin da mata suke cikin kicin, ya goyo Sepiah ya sauko da ita ta matakalar baya, ya zaunar a keke, ya tura ta ƙarƙashin tamfol har bakin ƙofa. Sai ta sa ƙafarta mai lafiya ta tokare ƙasa.

Ta daɗe tana kallon ɗakin, sama da ƙasa. Sannan ta yi magana a hankali, tana jan kalmomin ɗaya-ɗaya.

“Abang,” haka take kiran mijinta, “da hannun wa aka auna?”

Ya ce da tef aka auna, kuma bai kuskure ko da faɗin farce ba.

“Wa ya yi addu'a? Wa ya ci abinci?”

Ya ce za a yi daga baya, in abubuwa sun lafa. Ya tuna da sandar, ya ce ta jira. Ya hau da sauri, ya taka kujera, ya kwanto tsohuwar gorar daga saman ginshiƙi, ta yi baƙi da hayaƙin shekaru. Ya kawo ya ce ga awonta nan, zai gwada yanzu, in bai yi daidai ba sai a gyara ƙofa. Sepiah ta dubi sandar, har gefen bakinta mai motsi ya ɗan yi murmushi.

“Wannan hannun wata yarinya ne. Ba ta nan yanzu.” Ta numfasa. “Gaya mini gaskiya, Abang. Ɗakin kake ɓoyewa, ko ni?”

A lokacin ne ya gane abin da ya daɗe yana kewayewa. Ba ofishi kaɗai yake tsoro ba, ba kuma Ropeah kaɗai ba. Bai so a tsayar da matarsa a fili gaban jama'a a ce ta ware hannu, hannun ya ƙi waruwa. Matar da ke cikin hoton nan yake so mutane su ci gaba da tunawa.

Sepiah ta ce ya mayar da ita sama, kuma ya kira Zaharah. Ta gwammace bene a garin da ba ta san kowa ba, da ta kwana a ɗakin sata a bayan gidanta.

Washegari da hantsi, lokacin da kowa yake waje yana shanya ko shara, Baharom ya wuce bishiyar lemun tsami bai tsaya ba. Ya zagaya ta gaban gidan Ropeah, ya yi sallama, ya cire takalmi, ya ɗebi ruwa a randa ya wanke ƙafa, ya tsaya a gindin matakala. Ropeah tana zaune a baranda tana tsince ƙananan kifi busassu a faranti. Ta amsa sallama. Ba ta ce ya hau ba. A unguwar nan ba a barin baƙo a tsaye a ƙasa, ko mai tallan tabarma ne, kuma duk wadda take shanya a kusa ta ga hakan.

“Ranka ya daɗe, shugaba. Kaza ce ta tsallako mini shinge?”

“Kak, ba akurki ba ne.”

“Ashe? To ni da nake ta jiran ƙwai.”

Ya gaya mata komai a tsaye, ruwa yana bushewa a ƙafarsa: faɗuwar da suka yi, maganar Zaharah, abin da Sepiah ta ce. Ya ce ya zo neman yardarta, kuma ya san ba shi da bakin nema. Ropeah ta ci gaba da cire kawunan kifi tana jefawa a gwangwani.

Da ta tashi magana, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ita rushe ɗakin bai taɓa ci mata rai kamar abin da ta ji daga baya ba. Bayan rasuwar Leman ne wata yarinya a ofishin ta gaya mata cewa doka ba ta hana ƙari ba. In na katako ne, a baya, bai kai tsayin uwar gida ba, an rufa shi da irin rufin gidan, ana yarda, har zane suke taya mutum.

“Ka san da wannan, ranar da ka miƙe a taro?”

Ya ce ya sani.

“To me ya hana ka tsallako shinge ka ce, Kak, ga hanya?”

Amsar ba ta da kyan ji: a lokacin daɗin kasancewa mai gaskiya ya ishe shi, bai tuna da sauran ba.

Ropeah ta ajiye farantin. Ta ce sau nawa tana kawo wa Sepiah kunu yana tare ta a baranda, alhali tana jin tarin Sepiah daga ciki. Ta ce tare suka yi wankan jego, tare suka yi ta dakan yaji a bikin rabin unguwar nan, sai yau ne za a ce kada ta ga bakin ƙawarta ya karkace? “Ba don kai zan yarda ba, Baharom. Don ita ne. Ba zan bari a kai ta saman bene ta zauna a bakin taga ba, na ga yadda abin yake ƙarewa. Amma wancan abin da ka gina, da hannunka za ka rushe shi, da rana, tamfol a yaye.” Shi ne karo na farko cikin shekaru da ta kira sunansa. Sannan ta ce, “Hau mana, ka tsaya nan kamar mai bin bashi. Shayi ya huce.”

Da kansa ya je ofishi ya kai ƙarar kansa. Matashiyar da ta saurare shi ta rasa inda za ta sa idonta, don hotonsa yana manne a bangon da ke bayanta. Ya ajiye shugabancin kwamiti a taro na gaba, ya faɗi dalili a taƙaice, a tsaye, a daidai inda ya taɓa tsayawa.

Ranar rushewa ya yaye tamfol, ya ɗauki babbar guduma. Bugu kaɗan ya yi numfashinsa ya ɗauke, ya dafa gwiwa. Pak Senin, wanda ya rufe shago ya zo kallo, ya karɓi gudumar yana cewa a ba shi, ya daɗe yana jin haushin kajin nan masu girman kai. Daga shi sai wani ya karɓa, sai wani. Kafin azahar ɗakin ya zama tsibin ɓaraguzai.

Izini ya ɗauki watanni, kamar yadda ya saba. Zaharah ta so ta tafi da mahaifiyarta kafin nan, amma maza daga masallacin unguwa suka raba kwanaki a tsakaninsu, suna sauko da Sepiah a kujerar kaba suna mayarwa. Mata kuma suka daina tsayawa a baranda. Baharom yana zaune a waje yana jin dariyarsu daga ciki, har da ta Sepiah, wadda ta canza sauti amma ba ta ragu ba.

Ranar awo aka fito da ita fili da safe, ta sa zaninta na bikin Zaharah. Unguwa ta taru, tukwane suna kan wuta a gindin mangwaro. Kafinta ya zo da sabuwar gora. Sepiah ta ware hannun dama. Na hagu yana naɗe a ƙirji. Baharom ya matsa zai taimaka, sai ya tsaya. Ropeah ce ta ture shi da kafaɗa, ta durƙusa, ta kama hannun tana murzawa tana janyowa a hankali, tana yi wa Sepiah tsiya cewa tun suna 'yan mata take da rowa, hannunta ba ya buɗuwa. Hannun ya buɗe zuwa wani wuri ya tsaya, gwiwar a lanƙwashe, yatsu a dunƙule. Kafinta ya ɗora gora, ya dubi Baharom. Awon ya gaza na da ƙwarai, ko makaho zai gani.

Baharom ya ji tsohon halinsa ya taso, ya kusa cewa a ƙara kaɗan a cike. Sepiah tana kallonsa. Ya ce wa kafinta, “Yanke a nan.”

Ɗakin da aka gina da wannan sanda ƙarami ne. Katako ne, rufinsa irin na uwar gida, yana laɓe a bayanta kamar ɗa a bayan zani, da ɗan gangare maimakon matakala. Faɗin ƙofar dai an bar shi yadda keke zai wuce, amma sauran duk ya bi gorar: taga ta sauko daidai idon mai zaune, kanta tana inda hannu ɗaya zai kai, saman ƙofa kuwa ya yi ƙasa. Liman ya yi addu'a, aka ci shinkafa mai kurkum da miyar kifi mai tsami, aka ɗaure sabuwar gorar kusa da tsohuwa. Da yamma Sepiah ta tura kekenta da ƙafa ɗaya ta shiga da kanta. Zaharah ta koma Kuala Lumpur ita kaɗai.

A nan Sepiah take har yau. Baharom, da tsawonsa, ba ya shiga sai ya sunkuya, kuma a makonnin farko goshinsa bai rabu da ƙulu ba. Pak Senin ya ce a ƙarshe dai an sami abin da ya koya wa shugaba gaisuwa. Ya koma shan kofi a shagon, amma a ƙarshen benci yake zama, in ana gardamar doka ba ya sa baki sai an tambaye shi. In ya ji wani yana shirin ƙara ɗaki, yakan je gidan tun kafin a sayi ƙusa, ya wanke ƙafa, ya jira a ce ya hau.

Tagar ɗakin tana kallon shingen baya, don Sepiah ta ce nan take so, ta riƙa hira da ƙawarta ba sai an tashi ba. Ta cikinta ana ganin daɓen simintin ɗakin Leman, wanda Ropeah ba ta taɓa fasawa ba. Ta jera tukwanen barkono a kai. Kowace safiya in Baharom ya sunkuyo ya shigo da ruwan wanka, da ya ɗaga kai abin da yake fara gani ke nan. Sepiah ta taɓa ce masa in yana so a sa labule. Ya ce a bar shi haka.